Ciwon kan farkon azumi da masu shan kofi

Jama'a, ciwon kan nan da ke sarar mutane da la'asar a farkon azumi ba yunwa ce kaɗai ke kawo shi ba. Duk wanda ya saba da kofi, shayi mai kauri ko goro, jikinsa ya saba da sinadarin kafeyin, wanda ke ɗan matse jijiyoyin jinin kai. Idan aka yanke shi farat ɗaya, sai jijiyoyin su saki, kai ya fara sara bayan awa 12 zuwa 24, ga kasala da saurin fushi. Yakan lafa cikin mako guda ko makamancin haka.

Tun a Sha'aban ake gyara wannan. Mai shan kofi uku ya koma biyu na kwana huɗu, sannan ɗaya, sannan rabin ƙaramin cokali na garin kofi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ramuwar shan kofi bayan tarawihi. Bayan kimanin awa 5, rabin kafeyin ɗin yana nan a jini, barci ya gagara har sahur. Babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, mai juna biyu kuwa 200.