Alhamdulillah an kare kundin, ga godiyata

Alhamdulillah. Jiya na kare kundina, kwamiti sun amince. Wallahi jikina har yanzu rawa yake, barci nake ji sosai amma na ce ba zan kwanta ba sai na yi godiyar nan.

Kun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba. Daren ƙarshe na lokacin da aka ba mu a na'urar harba ƙwayoyin zarra ne ya tsaya min a rai. Muna auna yadda ƙwayar sinadarin kalsiyam-40 ke haɗiye ta hiliyam ta zama titaniyam-44 (lambar nauyin ƙwayar ce), abin da ke faruwa in tauraro ya fashe zafi ya kai biliyoyin digiri. A can nan take ake gamawa, mu kuwa sai an harba ƙwayoyi biliyoyi kafin guda ta kama, don haka in allon kwamfuta ya yi shiru ba ka sanin lafiya ce ko wani abu ya lalace, ga kuɗin karatu ya kusa ƙarewa, in an rasa daren nan sai baɗi. Na zauna ina kallon sifili ina hawaye.

Baba injiniya mai kula da na'urar ya riga ya tashi aiki, na kira shi tsakar dare, "ina zuwa" kawai ya ce. Ya zo da rigar sanyi a kan kayan barci, ya durƙusa da tocila yana bin bututun har ya gano robar da ta tsage iska na shiga. Kafin asuba lambobi suka fara hawa. Na san ba ya son a ambace shi, amma Allah ya saka masa, ya raya masa zuri'a, ya sa ya gama lafiya.

Malamata, ke kika nuna min hoton Cassiopeia A, wato ɓurɓushin wani tauraro da ya fashe, wanda madubin hangen sararin samaniya na NuSTAR ya fitar a 2014, kika ce titaniyam ɗin can rabinsa ke ƙarewa duk shekara kusan 60 ya koma kalsiyam-44, wanda akwai shi a ƙashinmu. Maganar nan ta riƙe ni duk lokacin da na so ajiye aikin. Allah ya ƙara miki lafiya.

Umma, addu'arki ce. Allah ya ja kwana, ya ba ni ikon kyautata miki. Yaya babba da kake kira ko ba ka gane me nake aunawa ba, na gode. Wasu 'yan uwa ko gaisuwa ban gani ba tun da aka fara, ba komai, Allah ya bar zumunci.

Saƙonninku sun yi yawa, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in na farka insha Allah.