Tarwaɗar Ostireliya a tankin gilashi: waɗanda suka iya zama da ita da waɗanda ba su iya ba

Jama'a da yawa da suka ga hoton tankin kifina tambayarsu ɗaya ce, wai wannan abin mai gashin baki da ke kwance a ƙasa tarwaɗa ce ko me, kuma ya aka yi ba ta cinye sauran ba. Toh bari in yi bayani a tsanake don maganar tana da ɗan tsawo. A Brisbane nake zaune, jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya, kuma kifin nan ɗan asalin nan ne, mutanen nan suna ce masa tandan, a littafin masana kuma Tandanus tandanus. Gabansa dai tarwaɗa ce sak, kai mai faɗi, gashin baki guda 8, ba ɓawo a jiki, amma daga tsakiya zuwa baya sai ya siranta ya ƙare da wutsiya irin ta gaiwa, fiffiken baya da na ƙasa da wutsiyar duk sun haɗe sun zama abu ɗaya. Idan yana iyo duk jikin ne yake lanƙwasa, kuma wallahi wannan tafiyar tasa ce ta sa na ƙwallafa rai a kansa tun ranar da na fara ganinsa a shagon kifi.

A shago za ka same shi ɗan mitsitsi, bai wuce tsawon yatsa ba, jikinsa da ɗigo-ɗigo masu kyau, sun taru su da yawa a lungu ɗaya suna ta mutsu-mutsu, kuma nan ne mutane suke ruɗuwa. Kifin nan a kogi yana iya kaiwa santimita 90, wanda aka fi gani dai 40 zuwa 50, kuma ko a tanki ba ya tsayawa a ƙarami don ka sa shi a ƙaramin wuri. Kafin in saya na je taron ƙungiyar masu kiwon kifayen Ostireliya da Niyu Gini, wadda ake kira ANGFA, wani dattijo a can ya ce min in zaɓi abokan zamansa da girman bakin da zai yi nan gaba, kar in duba bakin da yake da shi yau. Duk abin da na yi daga baya a kan wannan shawarar na ɗora shi. Na nemi tanki mai tsawon ƙafa shida, yana cin ruwa wajen lita 600, tun yana ƙarami na sa shi ciki, mutanen gida har suna cewa wannan uban tanki duk don ɗan wannan abin.

Shi tandan kifin dare ne. Da rana zai shige ƙarƙashin kututture ko cikin bututun roba da na ajiye masa, gashin baki kawai za ka gani yana leƙowa, ka rantse ba ruwansa da kowa, kuma gaskiya ba mafaɗaci ba ne, ban taɓa ganin ya kori wani kifi don mugunta ba. Amma da an kashe fitila sai ya fito ya fara shara, yana bin ƙasa yana shafa komai da gashin bakin nan, a lokacin kuma ƙananan kifaye sun sauko ƙasa ko sun maƙale a gindin ciyawa suna barci, duk wanda ya taɓa kuma ya ga zai shiga baki ya wuce kenan. Na gwada da ƙananan jatan lande masu kamar gilashi da ake sayarwa a nan don abincin kifi, na zuba su da yamma ina so in ga yadda yake farauta, na kunna jar fitila mara ƙarfi na zauna, ai kafin gari ya waye babu ko ɗaya. Dodon koɗi ma haka, yana zuƙe na ciki ya bar ƙwarya. Don haka duk wanda yake da ƙananan kifaye irin su gofi ko niyon tetira, ya cire rai, ko sun yi watanni lafiya lau ranar da bakin ya kai su za su fara raguwa ɗaya bayan ɗaya kuma ba zai ga gawa ba.

Waɗanda suka zauna min lafiya su ne kifayen bakan gizo, da yawansu su ma 'yan ƙasar nan ne, suna yawo a garke a tsakiyar ruwa da sama, suna da sauri, kuma idan sun girma jikinsu yana yin faɗi daga sama zuwa ƙasa ta yadda ba sa shiga baki da sauƙi. Amma ko a cikinsu sai da na yi zaɓe. Wanda kowa yake so shi ne boesemani, mai rabi shuɗi rabi ruwan lemo, sai dai shi asalinsa tafkunan Ayamaru ne a yammacin Papuwa ta ƙasar Indonesiya, ruwan ɗumi yake so kullum. Ni kuma na ɗauki Melanotaenia duboulayi, mai jan ɗigo a kumatu, saboda shi a rafukan kewayen Brisbane ɗin nan yake rayuwa tare da tandan tun asali, sanyin watan Yuni da Yuli da muke yi a nan bai dame su ba su duka biyun, hita kawai nake sawa a kan digiri 22 don kar ruwan ya faɗi da yawa cikin dare. Kuma manya na saya, waɗanda suka riga suka yi jiki, guda goma sha biyu, na sa su suka saba da tankin tun tandan ɗin bai kai ya yi musu barazana ba. Ni a ganina wannan ita ce hanya mafi sauƙi, ka haɗa kifayen da dama can ruwa ɗaya suka fito, zafin ruwa ɗaya, ɗabi'ar da suka san juna da ita.

Akwai waɗanda na ƙi sawa duk da an yi ta ba ni shawara. Ƙananan kifayen ƙasa masu ƙaya irin koridoras, mutane suna cewa ai duk 'yan uwa ne za su zauna, a'a, idan tandan ya haɗiye shi ƙayar tana tokarewa a maƙogwaro sai a rasa duka biyun. Masu cizon fiffike irin taiga bab su kuma wutsiyar nan mai laushi da gashin baki za su bi suna tsakura da rana lokacin da yake kwance. Manyan kifayen sikilid masu kare wuri za su ƙwace masa kogo, shi kuma in ba shi da maɓoya sai ya rame, launinsa ya dushe. Sai ƙaguwar ruwan daɗi mai dogon jiki da ake kira yabi a nan, wannan kam dare ɗaya suke fita aiki da tandan, ko ta datse masa gashin baki da almakashinta ko shi ya cinye ta ranar da ta saɓule ɓawo. Tandan biyu ma ban yarda ba, suna ƙanana suna son taro amma da sun girma kowa kansa yake so, a gidan wani abokina na ga biyu a tanki ɗaya, ƙaramin duk jikinsa sawun cizo.

Wajen shirya tankin shi ya fi kowa iko. Yashi mai laushi na zuba saboda tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin baki, kuma haƙa yake yi ba wasa, a kogi namijin har sheƙa yake ginawa da tsakuwa, zagayayya mai faɗin mita ɗaya ko fiye, macen ta zuba ƙwai shi ya tsaya gadi har su ƙyanƙyashe cikin kamar mako guda. To wannan halin yana nan ko a gilashi. Duk ciyawar da aka dasa a yashi da safe za ka tarar da ita tana yawo a saman ruwa, shi ya sa na koma ciyayin anubiyas da jaba fan, waɗanda ake ɗaurewa a jikin itace da zare. Duwatsu kuma a kan gilashin ƙasa na fara ajiye su kafin in zuba yashi, don in ya haƙe ƙarƙashinsu kar su rufto masa ko su fasa tankin.

Ga wanda ya saba kiwon tarwaɗarmu ta gida a kwalbati ko tankin roba, akwai bambanci ɗaya babba da ya kamata ya riƙe. Tamu tana hawowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take jure gurɓataccen ruwa, tandan ba shi da wannan baiwar, duk numfashinsa daga cikin ruwa ne. Kuma yana ci da yawa yana kashi da yawa. Filta babba nake amfani da ita, da famfon iska da ba ya mutuwa dare da rana, duk mako ina canza kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan tare da maganin kashe kulorin, ina kuma gwada amoniya, gubar da kashin kifi yake tarawa a ruwa. Abinci kuwa, na bakan gizo nake fara watsawa a sama da sauran haske, sai bayan na kashe fitila in jefa masa nasa mai nitsewa, wani lokaci tana, wani lokaci jatan lande da na yanka. Na lura in ya ƙoshi da dare yawon sharar nan yana raguwa sosai, amma ba na cika masa ciki kullum don saurin girma da ƙiba ba alheri ba ne a gare shi.

Rashin ɓawo yana da nasa sha'ani. Lokacin da farin ƙurji ya shigo tankin, irin ɗigon nan kamar an barbaɗa gishiri, shi ya fara nunawa kafin kowa. Magungunan da ake sayarwa da yawa suna da jan ƙarfe a ciki ko koren sinadarin malakayit, kuma kifi mara ɓawo ba ya jure su kamar sauran, rabin awo na sa, na ƙara iska, na ɗaga zafin ruwan a hankali, Alhamdulillahi ya warke. Tun daga nan duk sabon kifi sai ya yi makonni a wani ƙaramin tanki daban kafin ya shiga wajensu.

Sai maganar ƙaya, don Allah a kula da wannan. Yana da ƙaya uku, ɗaya a fiffiken baya na gaba, biyu a gefe, kuma da dafi. Duk wanda ƙurungu ya taɓa soka a bakin kogi ya san irin zafin da nake nufi, waɗanda tandan ya soka a nan suna cewa raɗaɗin yana hawa har hannu ya ɗau sa'o'i. Abin da ake yi shi ne a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta iya jurewa ba tare da ƙonewa ba, a wanke sosai, in ƙayar ta karye a ciki ko wurin ya kumbura a tafi asibiti. Ba na kama shi da raga ko kaɗan don ƙayar tana sarƙewa, sai an yanka ragar kuma shi ma yana jin ciwo, roba mai faɗi nake nitsarwa in lallaɓa shi ya shiga. Yara kuma an san doka, ba a sa hannu a tankin.

Wanda ba shi da wurin tanki babba amma yana son irin wannan kifin, akwai danginsa ƙanana daga arewacin ƙasar, Porochilus rendahli da ba ya wuce wajen santimita 20 da ɗoriya, da Neosilurus hyrtlii, su sun fi son zama a garke kuma ruwan ɗumi suke so, don haka su ne za su dace da boesemani ɗin. Akwai kuma wani mai ratsin fari da baƙi, Plotosus lineatus, kyakkyawa sosai, shi na teku ne kuma dafinsa ya fi na sauran muni, kar a ruɗe a sa shi a ruwan daɗi.

Tandan ɗina yanzu ya doshi tsawon zira'i, bakan gizon suna nan cif ba wanda ya ɓata, amma ina kallon bakin yana ƙara faɗi, na san akwai ranar da ko su sai na raba su da shi. Na riga na yi magana da wani mai babban kududdufin kifi a bayan gidansa zai karɓe shi idan lokacin ya yi. Sakinsa a rafi ba ya cikin lissafina, doka ta hana, kuma kifin tanki yana iya kai wa na daji cuta, ga shi dama a kogunan Murray da Darling tandan ya ragu ƙwarai tun bayan da kifin kaf, wani baƙon kifi da aka shigo da shi ƙasar, ya mamaye su a shekarun 1970, har jihar New South Wales ta sa na wannan yankin cikin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu.