Wai littattafai nawa ne a laburarenku?

Duk wanda ya taɓa aiki a laburaren jama'a ya san tambayar nan, baƙo zai yi ta, ɗan jarida zai yi ta, kuma idan ƙarshen shekara ya zo fom zai iso daga sama da wani ɗan akwati ƙarami wai a rubuta "adadin littattafai" a ciki. Lamba ɗaya tak suke so. To ni dai a ganina lamba ɗayan nan ita ce babbar ƙaryar da muke yi ba tare da niyya ba, musamman yanzu da littafin takarda da na waya suka haɗu a rahoto guda.

Mu fara da na takarda tunda shi ake ganin ba shi da wata wahala. Idan kana da littafi ɗaya amma kwafinsa goma, ɗaya gare ka ko goma? Duka biyun gaskiya ne, ya danganta da abin da ake son sani. In ana son a ji yawan abin da mai karatu zai iya zaɓa, to sunayen littattafai ake ƙirgawa, ɗaya kenan. In kuma ana son a ji mutum nawa za su iya ara lokaci guda ko kanta nawa ake buƙata, kwafi ake ƙirgawa, goma kenan. Sai kuma littafi mai juzu'i ashirin, suna ɗaya ne amma ya cinye kanta guda shi kaɗai. Jaridu da mujallu ma wani babin ne daban, wani laburaren yana ƙirga sunan mujallar da yake karɓa, wani yana ƙirga waɗanda aka ɗinke shekara-shekara, wani kuwa kowace fitowa sai ya ɗora ta a lissafi, sai ka ga adadinsa ya kumbura kamar me, alhali ba abin da ya fi maƙwabcinsa da shi.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda wasu ke samo lambar tun farko. A ɗauko rijistar shigar da littattafai, a buɗe shafin ƙarshe, a duba lambar da aka ba littafin da ya shigo jiya, shikenan an samu amsa. Lambar nan fa tana gaya maka duk abin da ya taɓa shigowa ne tun ranar da aka buɗe laburaren, ba ta san wanda ya yage ba, ba ta san wanda aka ara shekara bakwai ba a dawo da shi ba, ba ta san wanda ruwa ya ci ba ko wanda aka soke a cikin riga aka fita da shi. Ita hawa kawai take yi ba ta sauka. Lissafin gaskiya ba wani ɓoyayyen abu ba ne, abin da ka rufe bara da shi, ka haɗa da abin da ya shigo bana, ka cire abin da ya fita ko ya ɓace, abin da ya rage shi ne naka. Matsalar tana wajen cirewar ne, don ba wanda zai san me ya ɓace sai an bi kanta-kanta an duba.

Kuma bin kantar nan aiki ne na gaske. Mutum biyu, ɗaya riƙe da na'urar karanta lambar bayan littafi, ɗaya yana zaro littafin yana mayarwa, ƙura na shiga hanci, na'ura na yin ƙara duk lokacin da ta ci karo da lambar da ba ta cikin katalog. Idan an gama kwamfuta ta fito da jerin "waɗanda ba a gani ba", kada ka yi saurin cewa sun ɓace. Wasu suna hannun masu aro, wasu suna teburin gyara ana jiran gam ya bushe, wasu suna kan keken mayar da littattafai, wasu kuma suna nan daram amma wani mai karatu ya cusa littafin lissafi a tsakiyar na tarihi don kada wani ya riga shi gobe. Shi ya sa laburare da yawa ba sa goge littafi daga katalog a zagayen farko, sai an sake nema bayan wani lokaci. Waɗanda ke da tambarin RFID (ɗan abin da ake mannawa wanda na'ura ke karantawa daga ɗan nesa) a cikin littattafansu sun ɗan huta, ana wucewa da na'ura gefen kanta tana karantawa ba sai an zaro ba, amma ita ma takan tsallake siraran littattafai in sun matsu da juna.

Wani abu kuma da lamba ɗayan nan ke jawowa shi ne tsoron tsince tsofaffin littattafai. Ma'aikaci ya san sarai littafin koyon kwamfutar nan ya tsufa, littafin kiwon lafiyar can ma bayanin ciki ya zama haɗari, amma yana tsoron in ya cire su adadi ya sauka a ce masa ina littattafan gwamnati suka tafi. Sai a bar su suna cin wuri. Alhali tun 1976 laburaren jihar Texas a Amurka ya fitar da tsarin da ake kira CREW na yadda za a riƙa tsince abin da ya tsufa ko ya lalace a kai a kai, kuma har yau ana aiki da shi a wurare da yawa. Laburaren da adadinsa ya ɗan sauka saboda ya yi shara ya fi mini wanda bai taɓa sauka ba.

To duk wannan wasa ne in aka zo kan na dijital.

Littafin takarda in ka saya ya zama naka, ka bayar aro sau ɗari in bai yage ba, ka ajiye shi shekara hamsin ba mai tambayarka. Na waya kuwa galibi ba saya ake yi ba, lasisi ake biya, wato bambancin gidan kanka da gidan haya, kana ciki dai kana kwana amma ranar da wa'adi ya cika sai ka sake biya ko ka kwashe kayanka. A 2011 kamfanin buga littattafai na HarperCollins ya ce duk littafinsa na dijital da laburare ya biya, in aka are shi sau 26 lasisin ya ƙare sai an sake biya. A 2018 wani kamfanin buga littattafan, Penguin Random House, ya koma lasisin shekara biyu. A 2019 shi ma kamfanin Macmillan ya ce sabon littafi kwafi ɗaya kacal laburare zai samu a makonni takwas na farko, aka yi ta hayaniya har ya janye a watan Maris na 2020. Kuma da yawa daga cikin lasisin nan mutum ɗaya ne zai karanta a lokaci guda, sauran su shiga layi, kamar dai na takarda, duk da cewa fayil ne da ba ya ƙarewa. Yanzu ka gaya mini, littafin da ya rage masa aro uku kafin ya ɓace daga katalog, da wanda zai ƙare wata mai zuwa, su ma "mallakar laburare" ne da za a jera su da na kan kanta? Kana iya kwana da dubu goma ka tashi da dubu tara ba tare da ɓarawo ya shigo ba.

Akwai kuma irin su hoopla, inda laburare ba ya zaɓen littafi ko ɗaya, kamfani ne ke buɗe maka rumbunsa gaba ɗaya, duk abin da mai karatu ya ara sai a caji laburaren kuɗin wannan aron. Rumbun nan abin da ke ciki ya haura dubu ɗaruruwa. In ƙaramin laburare mai ɗaki biyu ya ɗauki wannan adadin ya zuba a ɗan akwatin fom ɗin nan, a takarda ya zama ƙato kenan dare ɗaya, kuma ba za ka ce ya yi ƙarya kai tsaye ba tunda masu karatunsa suna iya kaiwa ga abin, sai dai kuma yawanci akwai iyakar aro da aka sa wa kowane mutum a wata, kuma in kasafin ranar ya ƙare sai a jira gobe. To me aka ƙirga kenan?

Sai batun haɗaka, wanda shi ne ke lalata jimillar ƙasa ko ta jiha. A ce misali laburare 30 sun haɗa kuɗi sun biya rumbu ɗaya mai littafi 50,000 a OverDrive, kamfanin da ke samar wa laburarori littattafan dijital, kowa masu karatunsa na shiga ta manhajar Libby. Kowannensu in ya rubuta 50,000 a rahotonsa bai yi laifi ba. Amma wanda ke zaune a ofis yana haɗa rahotannin zai samu miliyan ɗaya da rabi, kuma a gaskiya 50,000 ɗin nan ne dai aka ƙirga sau 30. Daga nan sai ka ji ana shela wai littattafan dijital sun ninka na takarda, an fara maganar rage kanta. Na kyauta ma haka, Project Gutenberg da aka fara tun 1971 yana da littafi sama da 70,000 da kowa zai iya saukewa ko da ba shi da katin laburare, amma sai ka ga wani ya sa mahaɗinsa a shafin laburare ya haɗa duka da nasa.

Abin dijital ɗaya da na yarda a ce na laburare ne ɗari bisa ɗari shi ne wanda shi da kansa ya ɗauka, tsofaffin jaridu da aka yi wa sikanin, hotuna, rubutun hannu, muryoyin dattawa da aka naɗa. Shi ma fa sai an tsaya an yanke me ake ƙirgawa, don jarida ɗaya mai shafi goma sha shida tana iya zama abu ɗaya, tana iya zama fayil goma sha shida, kuma mai son ya burge oga ya san wanda zai zaɓa.

Ba wai babu ƙa'ida ba ne. Akwai ISO 2789, ma'aunin duniya na ƙididdigar laburare, wanda ya fayyace me ake nufi da kowane abu da ake ƙirgawa. Ƙungiyar laburarorin duniya IFLA ta buɗe taswirar laburarori a 2017 inda take tattara alƙaluman ƙasashe. A Amurka hukumar gwamnati mai tallafa wa laburarori da gidajen tarihi, wato IMLS, na bin laburarorin jama'a kusan 9,000 duk shekara da tambayoyi iri ɗaya. Ta fannin amfani da kayan dijital kuma akwai COUNTER, wani tsarin ƙirga yawan amfani wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2003, shi ne ya raba tsakanin wanda ya leƙa bayanin littafi kawai da wanda ya buɗe shi, ya kuma hana a ƙirga mutum sau biyu don ya danna sau biyu cikin 'yan daƙiƙu. Sai dai COUNTER ya fi ƙarfi a laburarorin jami'a, mu na jama'a yawanci abin da allon kamfani ya nuna mana shi muke kwafa, kuma kowane kamfani da abin da yake kira "amfani". Wannan aro yake ƙirgawa, wancan saukewa, wancan minti nawa aka kalla, wancan kuma da zarar ka shiga ya rubuta ɗaya. In ka tara su wuri guda ka ba su suna ɗaya, lambar da ta fito ba ta nufin komai.

Kwanaki wata abokiyar aiki da aka ba cike fom ta same ni tana cewa, "Malam, akwati ɗaya suka bayar, ni kuma lamba huɗu gare ni, wacce zan sa?" Na ce mata Hajiya sa na kan kanta a akwatin, sauran ukun ki rubuta su a ƙasa kowanne da sunansa, in an yi magana ki ce ni na ce. Haka nake yi a nawa rahoton. Na takarda layinsa daban, da sunaye da kwafi duka biyu. Na dijital da muka zaɓa muka biya lasisinsa da kuɗinmu layinsa daban. Na haɗaka daban, tare da faɗin mu nawa ne a ciki don mai tarawa ya sani. Rumbun biya-in-an-ara kuwa ba na rubuta girmansa sam, abin da aka ara a shekarar kawai nake sawa. Sannan ranar da aka ɗauki lissafin dole ta fito, tunda na dijital yau da gobe ba ɗaya ba ne, kuma ranar nan ita za a riƙe duk shekara.

Ƙaramin abu amma yana ɓata lissafi sosai, sifili da "ba mu ƙirga ba" ba ɗaya ba ne. In ba ku da littafin sauraro ko ɗaya, sa sifili. In kuna da su amma ba wanda ya samo adadin, faɗi hakan, kada ka sa sifili, don kwamfutar da za ta fitar da matsakaici ba ta san kunya ce ta sa ka cike gurbin ba. Haka in kun canza yadda kuke ƙirga, misali bara kun haɗa na haɗaka bana kun cire, rubuta shi ɓaro-ɓaro, in ba haka ba wanda zai zo bayan shekara biyar zai ga adadi ya faɗi warwas ya ɗauka gobara aka yi.

Ni lambar da na fi dubawa ma ba girman rumbun ba ce, raba yawan aro da yawan kwafi nake yi in ga kowane littafi sau nawa ya fita a shekara, kuma sashe-sashe nake yi ba a dunƙule ba. Nan ne za ka ga sashen yara na juyawa har bango na fita, wani sashen kuma shekara ta zagayo ba wanda ya taɓa shi, sai ka san inda kuɗin baɗi ya kamata ya tafi. A na dijital kuma tsawon layin masu jira nake kallo da abin da kowane aro ya ci mana, don lasisin shekara biyu da aka ara sau huɗu kacal kafin ya ƙare ba zan sabunta shi ba ko da cire shi zai rage mini adadi a fom.