Layin da ke karɓar ruwa amma ya ƙi ba da jini

Ƙarshen watan nan zan bar sashen yara, kuma abin da nake so in bar wa masu karɓar aikin shi ne maganar layin babbar jijiya, wato siririn bututun da ake sakawa cikin babbar jijiyar jini don ba da ruwa da magani. A jarirai, kusan tara cikin goma na gudan jinin da ke toshe jijiya daga layin nan yake tasowa, a manyan yara ma ya haura rabi. Kowa ya haddace wannan don jarrabawa, amma a bakin gado ake mantawa.

Kuskuren da ya fi yi mana tsada kullum kamarsa ɗaya. An tura ruwan gishiri ya shige, an ja jini ya ƙi fitowa. Sai a ce kwanciyar yaron ce, a ɗaga hannunsa, a juya kansa, a rubuta cewa layi na aiki. Alhali sau da yawa wata 'yar fata ce ta jini ta lulluɓe bakin bututun, in an tura ta buɗe, in an ja ta rufe. Wani lokaci kuma gudan ya riga ya kama bangon jijiyar. Mafi muni shi ne a ɗauko sirinji mai mil 2 a danna da ƙarfi. Ƙaramin sirinji ya fi matsi, yana iya fasa bututun ko ya ɓalle gudan ya nufi huhu. Mai mil 10 ake ɗauka, a tura kaɗan, a tsaya, a sake turawa. In ya cije, a dakata a kira likita.

Kafin mu lura, uwa ta riga ta gani. Iyayenmu mata na Agege da Mile 12 a Legas da yawa ba sa jin Turanci ko Yarbanci sosai, sai su yi ta kallo. Wata za ta tare mai jin Hausa a baranda ta ce, "Sista, hannun rigarsa na dama ya matse shi, jiya ba haka yake ba." Wannan magana ta isa a ɗauko tef. A auna kaurin hannayen biyu a wuri ɗaya, a sa alama da biro, a rubuta santimita kowane canjin aiki. A duba fuska da wuya ko sun kumbura, a buɗe ƙirji a ga ko ƙananan jijiyoyi sun fito shuɗi-shuɗi. In layin matsematsi ne, ƙafa ake aunawa. Jaririn da filatilet ɗinsa (ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare) ke ta sauka ba dalili, a yi zargin layi. Kuma a sani hoton Dofla, wato sikanin da ke nuna gudun jini, yana ganin wuya da hannu da cinya da kyau, amma jijiyoyin cikin ƙirji kan ɓoye masa.

Har yau yana ci mini rai yadda, in hannu ya kumbura, nas ɗin dare ake tsayarwa a gaban kowa. Ba wanda ke tambayar babban da ya sa layin me ya sa ya zaɓi mai hanya uku ga yaron da hanya ɗaya ta ishe shi, ko wa ya duba hoton ƙirji. Matsalar takan fara tun ranar sawa. Bai kamata kaurin bututu ya wuce kashi 45 cikin ɗari na faɗin jijiya ba, masu taka-tsantsan ma a kashi ɗaya bisa uku suke tsayawa. Bakinsa ya sauka daidai inda babbar jijiyar sama ta haɗu da zuciya. In ya tsaya sama, yana gogar bango. Kowane suka da aka maimaita rauni ne a jijiyar.

In an tabbatar da gudan, kada a yi gaggawar fizge layin. Layi mai aiki da ake buƙata yana iya zama. Layin da ya daina aiki, akan fara maganin tsinka jini kwana 3 zuwa 5 kafin a cire. Enoxaparin miligiram 1 kan kowane kilo duk awa 12, jaririn da bai kai wata 2 ba kuma 1.5, bayan an duba ƙoda da filatilet. Inda ake iya gwajin anti-Xa, mai auna ƙarfin maganin a jini, a ɗebi jini awa 4 zuwa 6 bayan allura, ana neman 0.5 zuwa 1.0. Magani kan ɗauki sati 6 zuwa wata 3, don haka a zauna da mahaifin yaro tun ranar farko a yi lissafin kuɗin allura, kada ya tsaya a sati na biyu.

Mai sankarar jini da ke kan maganin asparaginase, mai sikila, mai zubar da furotin a fitsari, da wanda zawo ya busar, a ninka musu sa ido. Layin cibiya na UVC, wato wanda ke bin jijiyar da ta nufi zuciya, kada ya wuce kwana 14. A zagayen safe kuma, a tambaya da baki ko yaron nan yana buƙatar layin nan yau, a rubuta amsar a fayil.