Tafiyar Milton Keynes da mai gardama

Tun 2020 tikiti biyu na wasan ƙungiyar mawaƙa ta My Chemical Romance ke hannuna, korona ta sa aka yi ta ɗage wasan har watan Mayun 2022. Wanda muka saya tare ya gama karatu ya koma gida, sai na maƙale wa abokin zamana a Birmingham, mutumin da ko ƙarar waƙar My Chemical Romance ya jiyo daga ɗakina sai ya buga bango ya ce, "Malam, rage mana ihun nan."

Da ƙyar ya yarda, shi ma don na ce ni zan biya kuɗin jirgin ƙasa.

Daga tashar New Street zuwa Milton Keynes tafiyar kusan awa ɗaya ce, kuma gardama muka yi ta yi. Shi a ganinsa kiɗan emo, wato irin kiɗansu mai waƙoƙin ƙunci, na yaran Turawa ne da suka ƙoshi suka rasa abin kuka. Na ba shi labarin yadda Gerard Way, mawaƙin ƙungiyar, ɗan jihar New Jersey, ya ga rushewar tagwayen benayen New York da idonsa a 2001, abin da ya sa ya ajiye aikin zanen katun ya kafa ƙungiyar. Ya taɓe baki. A gefenmu wata mata mai furfura ta zauna da 'yarta, duk sun sha baƙaƙen kaya, sun rambaɗa kwalli har gefen ido. Ya raɗa mini, "Kai, ko a gidan biki ban ga kwalli haka ba."

Milton Keynes gari ne da aka zana a takarda kafin a gina, tituna a miƙe, shataletale ko'ina. Ba abin kallo sosai. Muka bi ayarin masu baƙaƙen kaya har filin ƙwallon Stadium MK.

Farkon wasan hannunsa na cikin aljihu. Ray Toro da Frank Iero suna ta sheƙa jita, shi yana duba waya. Ban ce masa uffan ba. Can aka danna maɓallin piyano guda ɗaya tak, filin ya ɗauka gaba ɗaya, dubban mutane suna rera baiti ɗaya ba wanda ya kuskure. Na ga ya ɗago kai.

Amma inda aka kama shi daban ne. Da aka fara wata waƙa, na sa baki a kunnensa na ce wannan ta kakarsu ce, Gerard da ƙanensa Mikey, wadda ta koya wa Gerard zane da waƙa, ya rubuta ta bayan rasuwarta. Wallahi ba da wata manufa na faɗa ba, na manta shaf cewa tasa kakar, wadda ta goya shi, ta rasu lokacin kulle, bai samu zuwa jana'iza ba. Ya tsaya cak har aka gama. Da fitila ta haska, na kau da kai don kada ya ji kunya.

A jirgin dawowa, wajen tsakar dare, mun daɗe ba wanda ya yi magana. Muna wuce Coventry ya ce, "Har yanzu gangar nan ta yi yawa fa." Na ce na ji. Ya ɗan yi shiru, sannan ya miƙo wayarsa.

"Rubuta min sunan ta kakar nan."