Littafin ya fito, ga godiyata

Alhamdulillahi. Jiya da yamma aka miƙo mini kwafin farko, na yi ta jujjuya shi a hannu na kasa buɗewa. Sai na tsinci kaina ina karanta lambobin ISBN guda 13, wato lambar shaidar littafi, da ke bayan bangon, ɗaya bayan ɗaya, kamar wata wasiƙa. Shekara shida ke nan ina fama da labarin nan.

Bayan Allah, godiyar farko ta 'yata ce. Tana 'yar shekara biyar, wani dare na hure kyandir, ta ce, "Mama, ina wutar ta tafi?" Na ce ta mutu. Ta ce a'a, wani wuri dai ta je. Daga wannan musun aka samu ƙasar da harsunan wuta suke komawa in an kashe su, da yarinyar da ta bi sawun wutar fitilar kakarta. Mai tambayar yanzu shekararta 11, har gyara take mini.

Sai yara bakwai da iyayensu suka ba ni aronsu ina karanta musu babi-babi. Yaro ba ya kara. In labari ya gundure shi, tashi kawai zai yi ya bar ki da takardunki. Ɗayansu ne ya tsare ni da ido ya ce, "Anti, tunda tana tashi sama a babi na uku, me ya sa take wahalar tafiya a ƙasa a na tara?" Na rasa ta cewa. A ranar na gane duniyar ƙirƙira ma sai da doka, kuma duk baiwar da aka ba jaruma dole ta biya wani abu a kanta. Na warware littafin tun daga tushe: yanzu duk sanda ta ari ƙarfin wuta, sai ta manta abu ɗaya game da kakarta. Wata takwas wannan gyaran ya ci. Yarona, Allah ya yi maka albarka, ko da yake ka hana ni barci.

Editata, ki yafe mini kwana ukun da na ƙi ɗaga wayarki. Kalmomi 70,000 na kai miki, kika dawo mini da 42,000, kika kuma cire tsohon kunkurun nan mai surutu da na fi so. Gaskiyarki ce, yana jan labarin baya. Amma shafukansa suna nan na adana, ban haƙura ba.

Mai zane, na gode da ka lura da tabon ƙuna a hannun jarumar na hagu, wanda sau ɗaya tak na ambata. Ƙanwata, da ba ki ajiye babukan da na tura miki ta imel ba, da rabin littafin ya tafi tare da kwamfutar da ta lalace. Maigida, na gode da haƙurin fitilar da take kai asuba a kunne.

Wanda ban ambata ba, ya yi mini afuwa, mantuwa ce. Allah ya saka wa kowa da alheri.