Taurin ƙafa daban, riƙon hanya daban

Motata ƙarama ce mai jan gaba. Da ita nake kai yara makaranta, in wuce wurin aiki, ran hutu kuma in ɗebi iyali mu yi tafiya. Ta haura kilomita 150,000 lokacin da na fara jin zuciyata ba ta kwanta da ita ba. In na shiga kwana sai bodin ya kwanta gefe guda kamar kwalekwale. In na taka birki hancinta ya dunguri ƙasa. In na hau ɗan tudu a kan gudu sai ta yi lilo sau biyu ko uku kafin ta natsu. Ranar da abin ya kai ni bango, guntun taya ne ya faɗo daga wata babbar mota a gabana. Na kauce, na dawo hannuna, amma bayan motar bai biyo ni nan take ba, sai da ya yi wani layi da ya sa 'yata ta ƙwalla ƙara. A daren nan na ƙudurta sai na taurara ƙafar motar nan.

Abin da na fara yi shi ne abin da yawancin masu zumuɗi ke yi. Na sayi gajerun sifirin masu tauri, marasa suna, waɗanda suka sauke motar kusan milimita 45, aka ɗora su a kan tsofaffin shakazoba. Saitin ƙafa ma ban yi ba, don a ganina ai ba a taɓa sitiyari ba. A ido motar ta yi kyau ƙwarai. A kan shimfiɗaɗɗen titi kuma kwanciyar nan ta ragu, har na ɗauka na gama.

Murnar ba ta yi mako biyu ba. Duk ɗan rami sai in ji shi a ƙashin bayana. Tudun rage gudu ya zama abin fargaba, sai na karkace na hau shi a hankali, duk da haka wani lokaci cikinta ya gogi ƙasa. Mafi muni shi ne kwana mai gargada: maimakon ta bi layin da na ɗora ta, sai ta riƙa tsalle tana zamewa gefe kaɗan-kaɗan. Wata rana na ɗauko mahaifiyata daga asibiti, da muka iso ta daɗe ba ta sauko ba, sannan ta ce, "Ɗan nan, me ka yi wa motar nan? Da can ba haka take ba." Maganar ta tsaya mini a rai, don saboda lafiyar iyalina na fara aikin tun farko.

Na kai ta wurin wani dattijon makanike da ya daɗe yana aikin ƙafa. Ya ɗaga ta, ya ɗauki dogon ƙarfe yana ɓanɓarar kowace mahaɗa yana kallo. Robobin hannun ƙasa sun tsattsage. Boljoyin ɗaya, wato mahaɗar da taya ke juyawa a kanta, yana wasa. Ƙananan sandunan da ke haɗa sitabilaiza, wato ƙarfen da ke rage kwanciyar bodi a kwana, da ƙafa sun saki. Shakazoban baya ɗaya ya jiƙe da mai, ƙura ta manne masa. Ya shafa cikin tayoyin gaba ya ce in kawo hannuna: gefen ciki ya cinye sumul, na waje yana nan da zanensa. Sai ya ce, "Malam, ka bar jaki kana dukan taiki. Sifirinka na asali lafiyarsu ƙalau."

Na yi masa musu, na ce ai na danna kowace kusurwar motar da hannu na saki, ba ta yi lilo ba. Ya ce wannan gwajin sai shakazoba ya mutu murus yake nunawa. Wanda ya rasa rabin ƙarfinsa zai iya wuce shi, don nauyin hannun mutum bai kai komai ba a kan abin da ƙafa ke sha a kan gudu. Kuma da yake lalacewarsa a hankali take zuwa, direba yana sabawa da ita bai sani ba.

A nan ne na zauna na fahimci rabon aikin. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, amma in aka matsa shi aka saki, zai yi ta lilo. Shakazoba ne ke kashe lilon. A cikinsa akwai fistin da ke tura mai ta ƙananan ƙofofi, wahalar wucewar man ita ke mayar da motsin ya zama zafi. To ni na kawo sifirin da ya fi na da ƙarfi na haɗa shi da shakazoban da ko na da ɗin ya gagare shi. Ga shi kuma na cinye tazarar da ƙafa ke da ita ta matsawa sama. Akwai wata roba a jikin sandar shakazoba da aka sa don ta tare dukan ƙarshe, ba don a zauna a kanta ba. Tawa motar kusan a kanta take tafiya. Da zarar ƙafa ta doki robar nan, taurin yakan ninka farat ɗaya, taya ta ɗaga daga ƙasa. Kuma duk abin da ke haɗa mota da titi bai wuce faɗin tafin hannu a kowace taya ba. Tayar da ke sama ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita. Tsallen da nake ji a kwana ke nan.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa tunaninsa ba. Ƙafar gaban motata irin wadda ake kira MacPherson ce, sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson, wadda Ford ta fito da ita a motar Consul a Ingila a 1950, yau kuma ita ce a gaban galibin ƙananan motoci. A wannan tsari shakazoba shi ne ginshiƙin da ke riƙe taya a tsaye, hannu guda kuma ke riƙe ta daga ƙasa. Ana so hannun nan ya kwanta daidai ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya. In aka sauke mota da yawa sai ya koma yana hawa, kuma a wannan yanayi ƙarfin da ke kwantar da bodi a kwana ƙaruwa yake yi. Wato gajeren sifirin yana ba ka da hannun dama yana karɓewa da na hagu. Saukewar kuma takan canza inda tayoyi suka fuskanta. Ko da 'yan milimita ne suka kalli ciki ko waje fiye da ƙima, taya gurzar titi take yi a kowane juyi, abin da ya cinye mini tayoyi biyu ke nan.

Muka koma farko, da sharaɗi guda da dattijon ya gindaya: abu ɗaya za a canza a lokaci guda, in tuƙa ta kwanaki, sannan a taɓa na gaba. Da na ga kamar ɓata lokaci ne. Daga baya na gane in ka canza abu huɗu rana ɗaya, ba za ka taɓa sanin wanda ya gyara da wanda ya ɓata ba.

Aka mayar da sifirin na asali. Zan ɗan tsaya a nan, don na ga yadda ake matse sifirin da ƙarfen matsi kafin a kwance notin saman shakazoba. Sifirin da ke matse yana riƙe da ƙarfin da zai iya fasa fuska ko ya karya hannu in ya kuɓuce. Ina son yin aikin motata da kaina, amma wannan ban taɓa ba, kuma ba na ba wanda bai ƙware ba shawarar ya gwada da igiya ko waya.

Aka sa sababbin robobi irin na asali, da boljoyin, da sandunan sitabilaiza, da mazaunin saman shakazoba. Na lura bai ɗaure notin hannun ƙasa sosai ba sai da ya sauke motar ta zauna a kan ƙafafunta. Na tambaye shi dalili. Ya ce robar ba juyawa take a cikin ƙarfe ba, murɗewa take. In ka ɗaure ta ƙafa na reto a sama, da an sauke mota ta riga ta murɗe, haka za ta zauna dare da rana har ta yage. Wannan aikin kaɗai, ba tare da wani kayan ƙari ba, ya dawo da kusan rabin abin da nake nema. Sitiyari ya daina jinkirin nan na amsawa.

Sai shakazoba, kuma nan ne na fi kashe lokaci wajen zaɓe. Na asalin masu bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Suna da laushi, amma in aka daɗe a kan gargada man yakan yi zafi ya yi kumfa, fistin ya riƙa wucewa cikin iska, riƙon ya ragu. Na zaɓi mai bututu ɗaya, wanda iskar naitirojin mai ƙarfi ke danne mansa ta bayan wani fistin na daban, don haka kumfa ba ta samun wuri. Tunanin na wani Bafaranshe ne, Christian Bourcier de Carbon, kuma kamfanin Bilstein na Jamus ya fara sa irinsa a motocin Mercedes a 1957. Na tabbatar na ɗauki wanda aka ƙera don tsayin mota na asali, domin akwai gajeru da aka yi musamman don sifirin da aka sauke. Aka canza duka huɗun. Ko da kuɗi bai kai ba, ba a canza ɗaya a bar ɗan'uwansa na ɗaya gefen.

Bambancin ya ba ni mamaki tun daga kwanar farko. Bodin yana kwanciya, amma a hankali, ya tsaya wuri ɗaya ya zauna. In na hau tudu, motsi ɗaya take yi ta natsu. Abin da ya fi burge ni shi ne ramuka ba su yi zafin da na yi tsammani ba. Shakazoba mai kyau yakan yi tauri ga motsi mai zuwa a hankali, irin na kwana da birki, amma ƙofofinsa su buɗe ga duka mai zuwa farat ɗaya. Ashe abin da nake kira tauri tun farko, natsuwa nake nufi, ban san sunanta ba ne.

Daga nan aka yi saitin ƙafa huɗu a kan na'ura, na sa sababbin tayoyi masu kyau. Na so in ƙara girman rim, sai na yi lissafi. Tayata 205/55 R16 ce, wato faɗinta milimita 205, tsayin gefenta kuma kashi 55 cikin 100 na faɗin, kusan milimita 113. In na koma 225/45 R17 zai sauka zuwa 101. Gefen taya shi ma sifirin ne, shi ke fara shan duka kafin ƙarfe ya ji. Na bar girman yadda yake. Iska kuwa ina bin abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ina aunawa da safe kafin tayar ta yi zafi.

Na ƙarshe shi ne sandar sitabilaiza ta baya. Mota mai jan gaba, in aka matsa mata a kwana, hancinta ne ke son zarcewa waje. Ƙara wa sandar baya kauri yana rage wannan. Sai dai lissafinta yana da yaudara, don taurin sandar ba a kan kaurinta kai tsaye yake hawa ba, kaurin ake ninkawa a kansa har sau huɗu. Tawa milimita 20 ce. Ta 22 ta fi ta tauri da kusan kashi 46 cikin 100, ta 24 kuwa ta ninka ta har da ɗoriya. Raina ya so ta 24. Dattijon ya ce, "Malam, ranar da aka yi ruwa ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, bayan ne zai riga ka fita. Kuma ba kai kaɗai ke tuƙa ta ba." Gaskiya ya faɗa, matata ma tana tuƙa ta. Na ɗauki ta 22. Bayan an yi ruwa na sami wani fili mai faɗi da babu kowa, na yi ta zagaye ina ƙara gudu kaɗan-kaɗan ina sakin totur da gangan. Bayan yana ɗan matsowa ya taimaka mata juyawa, amma bai kuɓuce ba. Sai da na ga haka na yarda na ɗauki yara a ciki.

Sandar ta zo da robobi masu tauri na foliyuretan. A nan kaɗai na yarda da su. Na taɓa shiga motar da aka sa mata su a ko'ina, ƙarar titi har cikin haƙora. Nawa ma in giris ɗinsu ya bushe sukan fara ƙiƙi-ƙiƙi da sanyin safiya, sai an kwance an sake shafawa.

Yanzu shekara guda ke nan da wata biyu. Ba zan ce ba a biya komai ba: a kan titi mai ƙananan tsagogi ta fi da jijjiga kaɗan, matata ta lura da haka tun makon farko, ko da yake ta ce ta fi son yadda take tsayawa in ta taka birki. Tayoyin suna cinyewa daidai daga gefe zuwa gefe, ina shafa su duk ƙarshen wata. Tudun rage gudu ina hawansa kai tsaye da mutum biyar da kaya a but. A watan jiya na sake ɗauko mahaifiyata, tafiyar kusan awa biyu, kafin mu yi rabi barci ya ɗauke ta a kujerar baya, sai da na tsaya a ƙofar gida na tashe ta.